Koriyar Jif da Aka Yanka Biyu

Kun sha tambayata dalilin da ya sa koriyar jif ɗin nan ta garejin Babanku Habu take da tabon walda a tsakiyarta, daga wannan ƙofa zuwa waccan, ni kuma na sha ba ku amsar banza. Wata rana in ce hatsari ta yi a jirgin ruwa, wata rana in ce haka 'yan China suke ƙera irinta. Mamarku tana jina, sai dai ta taɓe baki ta ci gaba da abin da take yi. To yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, likita kuma ya raba ni da hawa jirgi, bari in rubuta muku yadda aka yi tun kafin wani mai ƙaunata ya ba ku labarin ya wanke ni. Ba na son a wanke ni. Laifi biyu ne a jikin motar nan, kuma duk nawa ne.

Na farko ya girmi dukanku. Kakanku Malam Garba direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa wasu 'yan China da suka zo aikin rijiyoyi da noman rani. Da za su koma gida suka bar masa motar da yake jansu da ita, wata koriyar jif mai rufin tamfol da taya a manne a baya. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya Habu da ni, shekara tara ce tsakaninmu. A ƙarƙashin motar nan Yaya ya koyi kanikanci, ni kuwa aikina riƙe masa fitila da shan ranƙwashi in na haska inda ba a ce ba. Da Baba ya rasu Inna ta roƙa a raba komai a bar motar, aka bari. Tana nan a ƙofar gida ba ta tashi, saboda wani ƙarfe da ya karye a giyabos, Yaya yana ta cigiyarsa. Da ya ji labarin akwai shi a Jos ya tafi nema, kwana uku. A cikin kwana ukun nan na kira 'yan gwangwan suka ja motar, na yi fasfo da kuɗin, na tafi fataucina na farko. Daga baya aka ba ni labarin yadda ya dawo da ƙarfen a naɗe cikin tsumma, ya tsaya yana kallon tabon baƙin mai a ƙasa. Kafin ya gano inda aka kai ta, an farfasa ta.

Da ya zage ni, ko ya tara min dangi, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Yaya mutum ne mai tsoron Allah, ya san ba a gaba da ɗan'uwa, don haka bai yi gaba da ni ba. Yakan amsa sallamata, ya tambayi kwana, ya tambayi iyali da kasuwa, daga nan sai ya juya ya ci gaba da aikinsa. Sunan da ya taso yana kirana da shi, Auta, ya ajiye shi, ya koma ce min Alhaji tun ban ga hanyar Makka ba. Shekara ashirin da shida muna haka. Na aika masa shadda, na gan ta a jikin limamin unguwarsu. Na aika buhunan shinkafa, aka rabar wa maƙwabta. Ku kuna ganin Baba Habu yana gaishe ni da ladabi kuna cewa yana girmama ni, ni kuwa kowace gaisuwa sai ta yi kwana biyu tana cina. Inna ce kaɗai ke gani. A ciwonta na ajali ta kama hannuna ta ce:

"Auta, ka daina aika masa kaya. Kai ka san abin da ka ɗauke masa."

A lokacin na daɗe da zama ɗan gari a Guangzhou. Takalma nake sarowa daga kasuwannin Zhanxi Lu, in sauka a masauki ɗaya kullum a kan Huanshi Lu, inda in ka rufe ido ka saurari hira sai ka rantse a Fagge kake. Sai na gaya muku wata al'ada tamu ta can, don ita ce ta kai ni ta baro ni. Mu Hausawan Guangzhou, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi, faranti ɗaya muke ci, sahu ɗaya muke bi, in wani ya kwanta ciwo mu yi jinyarsa, in ya mutu mu tsaya a kansa har kabari. Amma ba mai gaya wa wani abin da ke cikin kwalinsa. Ka nuna wa amininka samfurin silifa yau, kafin kwantenarka ta iso Kano ka tarar da irinsa ya cika kasuwa. Saboda haka in an tambaye ka me ka saya, amsar ɗaya ce: ɗan tarkace ne. Kowa ya san ƙarya ce, ba mai jin haushi. Ni kuwa na ƙware a wannan har ya zame min jiki, ko ruwan sha na sayo aka tambaye ni sai na ɓoye.

Shekarar da Inna ta rasu, na je bayan gari wajen masu yi min kwalayen takalma. Ina jiran mai wurin, na zagaya baya neman inda zan yi alwala, sai ga irin motar Baba a wani fili da aka tara matattun motoci. Babu taya ko ɗaya, tamfol ya ruɓe, kaji sun yi sheƙa a kujerar baya. Amma ita ce, irinta sak, har ƙarfen nan na gaban kujerar fasinja da nake riƙewa in Baba ya faɗa rami. Na sa hannu na riƙe shi. Mai filin wani tsohon bakanike ne, siriri, haƙoransa duk taba ta cinye, kowa Shifu yake ce masa, wato gwanin sana'a. Ya fito ya tarar da baƙon mutum da babbar riga yana rungume da ruɓaɓɓiyar mota, ya tsaya yana kallona kamar mai tunanin kiran 'yan sanda. Ba ya jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce na ciniki ba. Da waya muka yi magana, in faɗa mata ta juya masa, ya faɗa mata ta juyo min. Na tambaye shi ko motar za ta tashi. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk mota take zaune a kansu, ya saurara, sannan ya ɗaga min babban yatsa.

Wata takwas ya yi yana aikinta, na je na dawo sau uku a tsakani. Kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce meiyo, babu. Fitila meiyo, kafireta meiyo, gilashin gaba meiyo. Sai ya ɓace kwana huɗu ya dawo da abin a cikin buhu daga wani ƙauye. Abin da bai samu ba ya ƙera da hannunsa. Na sha yi masa faɗa a kan jinkiri, don kun san ni da gaggawa, shi kuwa ko a jikinsa, sai ya miƙo min shayi marar sukari ya nuna min kujera. Wata rana da na ishe shi ya tambaye ni ta waya, me ɗan kasuwar takalma zai yi da wannan tsohuwa? Na ciro hoton Baba yana jingine da tasa, Yaya a gefensa da sifana a hannu, na ba shi labarin duka, har da 'yan gwangwan. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa a ƙasar nan, kuma ba don na fi yarda da shi ba, don na san ba shi da bakin da zai kai maganar Kano ne. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce in bar masa. Ya manna shi a bango saman akwatin kayan aikinsa, ya riƙa duba shi yana haɗa launin fenti. Ranar da injin ya tashi, ƙarar ta fito irin wadda na sani tun ina yaro, na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shigar min ido.

Saura a kai ta gida. Mai yi min lodin kwantena wani ɗan Maraɗi ne, Alhaji Isufu, mutumin kirki mai yawan magana, mun fi shekara goma tare. Na same shi a ofishinsa na ce ina da tsohuwar mota. Ya ce mota mai irin waɗannan shekaru takardunta wahala ne da su nan da can, amma in a matsayin kayan gyara ne, kullum suna lodawa. Ya tambaye ni ta wa ce. Nan ne fa ya kamata in buɗe baki. Amma in na ce kyauta ce zan kai wa yayana, zai tambayi dalili, kafin la'asar duk Huanshi Lu ta ji cewa Alhaji Nasiru mai takalma ya taɓa sayar da gadon ubansa a bayan idon ɗan'uwansa. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce ɗan tarkace ne, wani mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ya yi min saƙo. Ya ɗaga biro ya dube ni.

"Mai shi gaba ɗai shika so, ko duka?"

Ban gane tambayar ba. Ni ɗan takalma ne, a zatona za a cire taya da batir ne, a tsiyaye mai, a tura ta ciki. Amma girman kai bai bar ni in ce ban gane ba. Na ce masa ya yi mata yadda suke yi wa ta kowa. Ya rubuta a takarda, muka yi musabaha, har ina jin daɗin na iya riƙe sirri.

Ranar Juma'a da safe aka ɗora ta a babbar mota zuwa siton da ake lodi. Shifu ya lulluɓe ta da barguna kamar jaririya, ya ce shi zai raka ta. Ni na yi wanka na tafi Masallacin Huaisheng, na kashe ƙarar waya na jefa a aljihu. Na tuna har addu'a na yi a sujada Allah ya sa Yaya ya karɓa. Da aka sallame, ina neman takalmina a cikin turmutsutsu, na duba waya na ga kiran Shifu ya cika fuskarta. Akwai saƙon murya, na kara a kunne, ihu kawai yake yi, a bayansa wani abu yana huci. Sai hoto. An yaye bargunan, an ja layi da alli a tsakiyar motar daga ƙofa zuwa ƙofa, wani mutum da baƙin gilashi a ido yana tsugune da wutar yankan ƙarfe a hannu. Na kutsa cikin jama'a da takalmi ɗaya a ƙafa ina kiran sunan Alhaji Isufu, na same shi a bakin ƙofa yana raba gaisuwa. Na cusa masa wayar a fuska na tambaye shi mene ne wannan. Ya duba, ya dube ni da mamaki, ya ce ai haka ake yi. Duk motar da za ta tafi a kayan gyara yanka ta ake yi biyu, a loda gaba mai inji da giyabos, shi masu saye ke so, baya kuwa a bar wa masu tsohon ƙarfe don kada ya cinye wuri. Na riƙe masa riga a gaban mutane, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce ya kira su su tsaya.

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya kira wani, shiru, lokacin cin abincinsu ne ko me, oho. Muka fito titi, tasi uku suka wuce mu, ta huɗu sai da na tsaya a gabanta. Siton yana can wajen gari, hanya kuwa ta cushe. Ina zaune ina kallon danja tana canzawa ba ma motsi, gumi yana bin bayana, ina ta danna kiran Shifu ba ya ɗauka. Alhaji Isufu ya gaji da ni, ya ce wai shin wane irin tarkace ne wannan da zan tsinka shi a ƙofar masallaci a kansa? A cikin tasin nan, direba yana jin rediyonsa, na faɗa masa abin da na ɓoye shekara ashirin da shida. Da na gama ya juyo ya dube ni. Can ya ce:

"Alhaji, sau biyu na tambaye ka. Da ka hwaɗa mini, wallahi da ni da kaina zan kwana gadinta."

Gaskiya ya faɗa.

Tun daga ƙofar sito na ji warin ƙonannen fenti. Gaban motar yana tsaye a kan tayoyi biyu, an tokare bayansa da katako, fitilunsa suna sheƙi, sitiyari da kujeru biyu ba abin da ya same su. Daga bayan kujerun kuwa babu komai, sai baƙin baki mai kaifi da wayoyi suna reto. Shifu yana zaune a ƙasa, hannun rigarsa ya ƙone har fata, ashe ya kama mai wutar ne suka ture shi. Ma'aikatan suna gefe suna cin shinkafarsu, su a wajensu takarda suka bi, kuma ba su yi ƙarya ba. Na tambayi ina bayan, aka ce motar masu tsohon ƙarfe ta ɗauka ba da daɗewa ba. Na ji kamar in kwanta a wurin. Shifu ne ya miƙe, ya ja ni zuwa wani babur mai taya uku na masu sito, ya tayar ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ni da Alhaji Isufu muka ɗare bayansa da manyan rigunanmu na Juma'a, tsoho yana ratsa lunguna da mu, muna salati.

Filin tsohon ƙarfen yana da wani ƙaton inji mai farata da ke dumbuzar ƙarfe yana jefawa cikin na'urar matsewa. Mun shiga ke nan na hango kore a saman tuli, tayar baya tana manne a jikinsa, faratan suna aiki a tulin da ke kusa. Na ɗaga hannu ina ihu, ƙara ta hana a ji ni. Shifu bai yi ihu ba. Ya hau tulin nan da rarrafe, mutum mai shekara kusan saba'in, ya je ya zauna daram a kan rabin motar ya harɗe hannu. Ganin haka ni ma na tattare riga na bi shi, ƙarfe ya yanke ni a ƙwauri, tabon yana nan kun sha gani. Faratan suka juyo, suka tsaya a saman kanmu suna lilo, ina jin tsatsa tana zubo min a hula. Sai aka kashe injin. Mai filin ya fito yana zage-zage, Alhaji Isufu ya tare shi da laoban, laoban, wato maigida, da duk daɗin bakin da Allah ya ba shi, har suka daidaita. Ban sauko ba sai da aka kawo motar da za ta ɗauka.

Kafin la'asar sakaliya rabi biyun suna ajiye a filin Shifu, tsakaninsu taku uku. Ya auna, ya shafa, ya sake aunawa, sannan ya karɓi wayata ya yi magana mai tsawo. Ta juyo min cewa in ba shi wata biyu. Zai haɗa, ya goge, ya shafe da fenti, ba wanda zai taɓa sanin an yanka. Wallahi zuciyata ta yi tsalle, har na fara tsara yadda zan miƙa wa Yaya mukulli ina murmushi. Alhaji Isufu ne ya ɓata min. Ya ce in ji tsoron Allah, bakanike zan ɓoye wa walda? Minti biyar zai yi a ƙarƙashinta ya gani, ya san na sake yi masa abu a bayan ido. In kuma bai gani ba ya fi muni, don zai ɗebi jikoki ya hau hanyar ƙauye da shasi mai ɗori bai sani ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce masa ai shi ya jawo. Ya ce ya ji, amma in kira. Na koma bayan wata matacciyar bas na daɗe ina juya waya a hannu. A Kano hantsi ne, na san yana gareji.

Ya ɗauka ya amsa sallama, ya ce Alhaji ina kwana, ya iyali, ya kasuwa. Na san daga nan sai sallama. Na ce masa Yaya kada ka kashe, ba gaisuwa na kira ba. Na faɗa masa na samo irin motar Baba, an gyara ta ta tashi, na yi niyyar kawo masa, kuma yau da bakina na sa an yanka ta biyu saboda kunyar in faɗi dalilin sayenta. Na ce waccan ma ni na sa aka farfasa, ban taɓa tsayawa a gabansa na faɗa ba, yau na faɗa. Ina jin ana buga guduma a garejin, ina jin mai rake yana talla. Na ɗauka ya ajiye wayar ya tafi ne. Sai ya ce:

"A ina suka yanka?"

Na ce a tsakiya.

"Tsakiya ina? Gaban kujera ko bayanta? Sun taɓa giyabos?"

Na ce bayan kujera ne, giyabos lafiya lau. Ya tambaya da wuta ko da zarto, na ce da wuta. Na ji ya ja tsaki, irin tsakin da yake min in na haska fitila ba daidai ba, kuma rabona da jin sa tun ina saurayi.

"Kada kowa ya sa mata walda. Turo min ita haka."

Ya kashe, ko sai an jima bai ce ba.

Abin da ya rage shi ne in gaya wa Shifu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin nan ya zuba wata takwas a motar, ya ƙone a kanta, ya zauna ƙarƙashin farata dominta, ni kuma na zo na ce ba shi zai ƙarasa ba. Waya ta juya masa maganata, ya saurara, ya sa na maimaita. Bai yi faɗa ba. Ya shiga rumfarsa ya rufe. Ranar da za a loda ya fito da faranti biyu na ƙarfe masu kauri da ya yanka daidai shasin, da wata takarda da ya zana motar ya sa awo a kowace kusurwa, da hoton Baba. Ya ɗora su a kujerar direba. Na miƙa masa hannu, ya yi kamar bai gani ba, ya koma ciki. Da na dawo bayan wata shida da tsarabar kilishi da hoton motar, na tarar an share filin ana gini, ba wanda ya san inda ya koma. Ban samu na gode masa yadda ya kamata ba, kuma ko cikakken sunansa ban taɓa tambaya ba.

Ranar da aka sauke ta a garejin Yaya na je da farar shadda. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice, bai tambayi iyali ba, bai tambayi kasuwa ba, ko kallona bai yi ba. Ya zagaya gaba, ya zagaya baya, ya bi bakin yankan da yatsa. Ya buɗe takardar Shifu ya daɗe a kanta, duk da ba ya karanta rubutunsu, ya ce wanda ya zana wannan ya san aiki. Hoton kuwa ya sa a aljihun gaba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashin rabin gaba, ƙafafunsa kaɗai nake gani. Ina tsaye ban san ko in tafi ko in zauna ba. Sai hannu ya fito daga ƙasa riƙe da fitila.

"Auta, riƙe min nan."

Na durƙusa a cikin baƙin mai da shaddar tawa na karɓa. Na haska, hasken yana yawo.

"Ba can ba, nan. Kai har yanzu ba ka iya riƙe fitila ba?"

Sati bakwai muka yi muna aikin, kullum ina shan faɗa, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Da ya gama na ce a goge waldar a shafe ta da fenti, ya ce a'a, a bar ta a gani, duk wanda zai hau ya san abin da ya hau. Shi ya sa take da tabo, shi ya sa kuma take ɗan ja hagu in an wuce gudun keke, ba laifin taya ba ne kamar yadda na gaya muku.

Yanzu ni da Babanku Habu duk mun manyanta, kuma na san ranar da muka kau masu tayi za su zo, don irinta ta yi wuya. Ban hana ku sayarwa ba, ni ne na ƙarshen wanda zai iya hana wani. Abu ɗaya na roƙe ku, ku da 'ya'yansa. In za ku yi, ku bari sai kowa yana gida. In ɗayanku ya yi tafiya, ko ta kwana uku ce, ku jira shi ya dawo.